Waya 22 a kan dubu 60: in karɓa ko in haƙura?

Ɗan Rumde:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar manya kafin Asabar, don ranar zan ba da amsa. Wani Alhaji ya gina masauki nan Garwa, ɗaki 18. Yana son waya a kowane ɗaki, sannan ɗaya wajen karɓar baƙi, ɗaya a kicin, ɗaya a ofishinsa, ɗaya wajen mai gadi. Waya 22 ke nan. Otokom ɗin, wato akwatin da ke haɗa wayoyin cikin gida da juna da layin waje, ya riga ya sayo daga Duwala, Panasonic KX-TES824, na hannu ne amma yana tashi. Nawa shi ne jan kabul, kafa mazaunin waya a bango, haɗa akwatin, tsara lambobi. Magina sun gama rufe silin ba su bar bututun waya ko ɗaya ba. Ya ce sefa dubu 60 zai ba ni kuɗin hannu, wai albashin wata guda ne ya haɗa mini a aikin mako ɗaya. Abin da ya ɗaure ni, abokin mahaifina ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Na kasa buɗe baki a gabansa.

Sai Sauƙi:
Karɓa kawai ɗan'uwa. In ka tsaya ja, kafin Asabar wani ya karɓa a 45. Garin nan kowa ya sayi filaya ya zama injiniya.

Baba Na Domayo:
Wa alaikumus salam. Yaro, kafin maganar kuɗi, ka buɗe murfin akwatin nan da hannunka? Wannan samfurin da layin ciki 8 da na waje 3 yake zuwa. Sai an ƙara masa kati biyu yake kaiwa 24. Masu sayar da na hannu sukan ce maka "24 ne" saboda abin da ke rubuce a jikinsa. Je ka ƙirga ramukan da ke aiki. In kati ɗaya ne a ciki, waya 16 za ka samu, kuma ranar da ɗaki shida suka ƙi yin ƙara ba mai kayan Duwala za a nema ba, kai za a nema.

Ɗan Rumde:
Baba, a kwali na gan shi, wuta kawai muka sa masa. Gobe in Allah ya kai mu zan je in buɗe.

Baba Na Domayo:
To madalla. Ka tafi da mita, ka auna nisan ɗakin ƙarshe zuwa inda akwatin zai zauna. Ka hau silin ka leƙa. Ba a faɗin kuɗin aikin da ba a shiga cikinsa an gani ba.

Mai Lissafi:
Bari in taɓa maganar "albashin wata guda", don ita ce sandar da ake dukan masu aikin hannu da ita. Gaskiya ne, tun watan Maris na 2023 mafi ƙarancin albashi a Kamaru ga wanda ba ma'aikacin gwamnati ba ne kuma ba a harkar noma yake ba, dubu 60 ne. Kafin nan 36,270 ne tun 2014. Amma wannan kuɗin na wanda aka ɗauka aiki ne, yana yin awa 40 a mako. In ka raba da awannin wata, awa ɗaya ta kama wajen sefa 346. Kuma shi ma'aikacin, mai gida ne ke saya masa kayan aiki, shi ke biya masa kaso a CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata, yana tara hutun kwana ɗaya da rabi a kowane wata, kuma ko babu aiki ranar Talata albashinsa na tafiya. Kai fa? Na'urar huda bango taka ce, tsani haya za ka yi, yaron da zai riƙe maka kabul daga aljihunka zai ci, man babur naka. In ka gama wannan, wa ya ce akwai wani aikin mako mai zuwa? Dubu 60 ɗinka ba ɗaya ba ce da dubu 60 ta mai shara a ofis. Tasa ta fi taka nauyi.

Sai Sauƙi:
Malam Mai Lissafi, wannan a takarda ne. Je ka gaya wa Alhaji CNPS ka ga ko ba zai ce ka gaida gida ba.

Mai Lissafi:
Ban ce ya gaya wa Alhaji ba. Na ce shi ya sani, don kada ya riƙa jin kamar alfarma aka yi masa.

Hajiyar Baladji:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ma'aikaciyar waya ba ce, ƙanena ne ya saka ni a zauren nan lokacin da nake neman mai gyara. Ina da ɗan masauki a Ngaundere, don haka ni ce Alhajin a labarinku. Ku ma ku ji namu ɓangaren.

Wanda ya fara yi mini aikin waya ya karɓi rabin kuɗi, ya ja kabul, ya haɗa, komai ya yi ƙara, na cika masa. Damina ta farko aka yi tsawa, washegari rabin ɗakuna shiru. Na kira shi, yau yana Meiganga, gobe yana Tibati. Da na gaji na kawo wani, ya buɗe akwatin bango ya tarar da wayoyi a cukurkuɗe, babu wadda aka rubuta wa lambar ɗaki. Yini guda ya yi yana bin su ɗaya bayan ɗaya da wata 'yar na'ura mai kuka, yaronsa na ɗaki yana ihu "nan ne", shi yana ƙasa yana liƙa takarda. Lambar sirrin ma an canza, ba a ba ni ba. Kuɗin da na biya na biyun ya kusa na farkon.

To ku gaya mini, in wani ya zo gobe ya ce dubu 200, da me zan gane ba irin na farkon ba ne? Mu ba mu san aikin ba. Abin da muke gani kawai waya ta yi ƙara ko ba ta yi ba. Shi ya sa muke taya ƙasa, don ko an cuce mu asarar ta zo da sauƙi.

Ɗan Rumde:
Hajiya, Allah ya saka. To me zai sa ki yarda da farashi mai tsada?

Hajiyar Baladji:
Takarda, ɗana. Rubuta mini abin da za ka yi ɗaya bayan ɗaya da kuɗin kowanne. Ka ce in ya lalace cikin wata uku za ka zo ba tare da na biya ba. Ka bar wani abu a hannuna sai na ga aikin ya zauna. Wanda ya yarda ya bar kuɗinsa a wurina na san zai ɗauki wayata.

Baba Na Domayo:
Hajiya ta gama magana. Ni na fara aikin nan tun harkar waya tana hannun ma'aikatar gidan waya, kafin a kafa Camtel, kamfanin waya na gwamnati, a 1998, kuma tun da na koma aikin kaina ban taɓa faɗin kuɗi dunƙule ba. Dunƙulallen kuɗi shi ake tayawa. Ka ce 180, ya ce 60, ku haɗu a 90, kowa ya tafi yana jin an cuce shi.

Ga yadda zan yi in ni ne. Kowace waya da kuɗinta, tun daga jan kabul har kafa ta a bango da rubuta mata lamba a kai biyu. A ginin da aka bar bututu zan iya yin dubu 3 ko 4. A naka da za a hau silin a kuma bi bango da maruftar roba, ba zan sauka daga dubu 5 ba. Sau 22, dubu 110. Haɗa akwatin da tsara shi daban ne: lambar kowane ɗaki ta dace da lambar da ke jikin ƙofa, a toshe wa ɗakuna kiran waje don kada baƙo ya kwana yana hira da Injamena a kuɗin Alhaji, kiran da ya shigo ya faɗa wajen karɓar baƙi, in dare ya yi ya koma wajen mai gadi. Wannan aikin kai ne, dubu 35 zuwa 40. Sai na uku wanda kowa ke tsallakewa, shi ne ya ci Hajiya: sandar ƙasa da maganin tsawa. Ƙasarmu ta arewa a rani ƙeƙasasshiya ce, in ka buga sandar tagulla haka kawai ba ta aikin komai. Sai an haƙa rami, wasu na zuba gawayi da gishiri, a jiƙa, a auna. Ka sa masa kuɗinsa shi ma.

Yanzu in Alhaji ya ce ya yi yawa, kada ka ce "to na rage". Ka miƙa masa biro ka ce, Baba, wanne za mu cire? Mu bar ɗakunan sama sai baɗi? Mu cire wayar kicin? Ko yaranka su yi fasa bango da haƙa rami, ni in yi haɗi? Duk abin da ya sauka daga kuɗi, wani abu ya sauka daga aiki. Da haka ba ka yi masa rashin kunya ba, shi ya zaɓa da hannunsa.

Na Bakin Gada:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni a Kuseri nake kwana, aikina rabi a Injamena, kullum ina kan gadar Ngeli. Abin da zan ƙara shi ne kuɗin zuwa. Mutanenmu suna ganin zuwa duba aiki kyauta ne. A kira ka unguwar Farsha a Injamena, ka tsallaka gada, ka sha layi, ka ƙona mai, ka isa ka tarar fulogi ne aka zare don a caja salula. Ka mayar, a ce "Allah ya yi albarka". Yanzu kafin in tada babur nake faɗi a waya: zuwa dubu 5 ne, ko na gyara ko ban gyara ba, in aikin ya yi girma a cire shi daga ciki. Wasu sun daina kirana. Waɗanda suka rage su ne dama masu biya.

Kuma ku tuna mai ba kamar da ba ne. Litar fetur a gidan mai 630 take kafin Fabrairun 2023, ta koma 730, bayan shekara ɗaya ta koma 840. Zuwa-zuwa, man bumburutun da ake shigowa da shi daga Najeriya, da muke fakewa da shi, tun da Najeriya ta cire tallafi a watan Mayun 2023 shi ma ya daina zama na banza. Amma kuɗin hannunmu yana nan inda yake tun lambobin waya na da alƙaluma takwas.

Sai Sauƙi:
Duk na ji. Amma ku masu faɗin haka kuna da abokan ciniki. Wanda yake da haya a kansa da mata mai ciki ba ya miƙa wa Alhaji biro. Ni na yi waya 12 a dubu 40 a wani asibitin kuɗi, kuma daga nan aka san ni, na samu wasu ayyukan biyu.

Na Bakin Gada:
Su biyun nawa suka biya ka?

Sai Sauƙi:
Kusan haka.

Na Bakin Gada:
To ka gani. Ba sunanka kawai suka kai gaba ba, har da farashinka.

Sai Sauƙi:
Ko ma mene ne na ci abinci a watan. Kai dai faɗi kake.

Shugaban Zaure:
A yi a hankali jama'a. Sai Sauƙi bai yi ƙarya ba, yunwa gaskiya ce, kuma babu wanda ya isa ya hana wani karɓar abin da zai kai gida. A ci gaba da shawara, ban da gori.

Mai Hawa Ƙarfe:
Tun da an buɗe maganar, ni ma ga tawa, ko da yake ta albashi ce. Wani ɗan kwangila da ke kula da eriyoyin salula ya neme ni. Kun san yanzu yawancin aikin nan ba kamfanin waya ne ke ɗaukar mutum kai tsaye ba, kwangila ce kan kwangila, kafin ta iso kanmu ta bi hannu uku. Zai ba ni wuraren da ke tsakanin Gidar, Figil da Kaele. Dubu 90 a wata. Babur nawa, mai a cikin albashin, waya a kunne dare da rana, in wuri ya mutu ƙarfe biyun dare in tashi. Na tambayi takardar kwantiragi ya ce sai na yi wata uku. Na tambayi bel ɗin hawa da hular kwano ya ce akwai na wanda ya bari. Na ga bel ɗin, ɗinkin kafaɗa ya fara saki.

Mai Lissafi:
Wannan ta fi ta Ɗan Rumde haɗari. Ɗauki takarda ka ƙiyasta kilomita nawa za ka yi a wata, ka mayar da shi lita, ka ninka da 840, ka ƙara baƙin mai da taya. Abin da ya rage shi ne albashinka na gaskiya, kuma ina tsoron zai faɗo ƙasa da dubu 60 ɗin da doka ta yanka. Don haka kada ka tsaya jayayya a kan 90 ko 100. Ka nemi a raba: albashi daban, kuɗin mai daban, kuɗin fitar dare daban. Gwajin aiki ma a dokar ƙwadago ta 1992 a rubuce ake yin sa, ba da baki ba. Sai babbar: lambar CNPS. Ma'aikaci na biyan kashi 4.2 cikin ɗari na fansho, mai gida ya biya irinsa, amma kason haɗarin aiki mai gida ne kaɗai ke biya. In ba a yi maka rajista ba ka faɗo daga mita 40, iyalinka za su yi ta yawo ne tsakanin 'yan kwangila uku kowa na nuna wani.

Mai Hawa Ƙarfe:
In na faɗi duk wannan ai cewa zai yi na cika sani.

Mai Lissafi:
Zaɓi biyu ka tsaya a kansu: rajista da sabon bel. Sauran a yi ciniki. Kuma duk kuɗin da zai ba ka ya turo ta Orange Money ko MoMo, kada ka karɓa a hannu. Ranar da kuka je gaban sufeton ƙwadago, saƙonnin nan su ne shaidarka cewa ka yi masa aiki. Bashin albashi yana da wa'adin shekara 3 a doka, bayan nan ka makara.

Na Bakin Gada:
A Chadi ma mafi ƙarancin dubu 60 ne tun 2011, awa 39 a mako, kuma su ma suna da CNPS tasu. Kuɗinmu ɗaya ne, sefar BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya. Bambancin, a Injamena ƙungiyoyin agaji da ofisoshin ƙasashen waje sun saba da takardar ƙiyasi, in ka kai farashi a rubuce ba sa ganin ka yi girman kai. Sai dai biyansu sai ka yi haƙuri, wata ɗaya ko biyu, kuma ba sa hulɗa da wanda ba shi da rajistar haraji. Haya da abinci a can kuma sun cinye bambancin, shi ya sa nake dawowa Kuseri in kwana.

Ɗan Rumde:
Barkanmu da yamma. Na je na buɗe. Baba, maganarka ta fito, kati ɗaya ne a ciki, layi 16. Kuma babu wayar tsarawa irin KX-T7730 a cikin kayan, duk ƙananan wayoyi ne. Na hau silin da rana tsaka, kwanon ya ɗau zafi har ba a iya dafa shi, ga kashin jemage ta ɓangaren gabas, ga wayoyin lantarki an watsa su kan katako ba bututu. Dole kabul ɗina ya bi wani gefen, in ba haka ba layi zai riƙa gurnani. Ɗakin ƙarshe na sama ya kai mita 60 daga ofis. Aikin nan sai da asuba ko bayan la'asar.

Baba Na Domayo:
To yanzu kana da abin faɗi wanda ba roƙo ba. Ka je masa da labarin katin tukuna, kafin kuɗinka. Ka cece shi daga jin kunya ranar buɗewa, zai saurare ka da wani kunne. Ka kuma gaya masa gaskiya cewa Panasonic sun daina ƙera irin waɗannan akwatuna, katin sai dai na hannu ko tsohon ajiya, don haka ya sa a nemo tun yanzu. Tsarawa kuwa kana iya yi da kwamfuta ta USB in kana da manhajar, amma wajen karɓar baƙi yana buƙatar babbar waya ko ta halin ƙaƙa.

Injiniyar Dang:
Ni da za a ji tawa da an bar tsohon akwatin nan gaba ɗaya. Tun da za a hau silin, a ja kabul ɗin intanet Cat6 sau ɗaya, a sa ƙaramin akwatin zamani na Grandstream ko Yeastar, waya da intanet ɗin ɗakuna su bi hanya ɗaya. Mita 60 ba matsala ba ce, iyakar kabul ɗin mita 100 ne. Kuma aikin IP, wato wayar da ke bin kabul ɗin intanet, ya fi kuɗin hannu, don ba kowa ke iya shi ba.

Baba Na Domayo:
'Yata, a ofis mai janareta na yarda. A masaukin Garwa fa? Watan Afrilu ruwan Lagdo ya ja baya, wuta ta koma rabo, kowace wayar IP tana jiran suwic, na'urar da ke haɗa su, suwic na jiran batir. Tsohon akwatin nan batir biyu na mota za su riƙe shi tsawon dare. Kuma wayar IP ɗaya kuɗin ƙananan nan nawa ce? Mutumin da ke taya aiki 60 ba zai sayi 22 ba.

Injiniyar Dang:
Baba ban ƙi ba. Amma ko da analog ɗin, wato tsohon tsarin, za a yi, ya ja Cat6 ya yi amfani da ƙwarya biyu, sauran su jira. Kwali ɗaya mita 305 ne, ya lissafa ya saka a takardar a matsayin zaɓi na biyu. Ranar da Alhaji ya so intanet a ɗakuna ba sai an sake shiga wajen jemagun ba. Ɗan Rumde, ka kula da kabul mai arha, wanda aluminiyam ne aka shafa wa tagulla. Kankare shi da wuƙa, in ciki fari ne ka ajiye.

Baba Na Domayo:
Wannan kam na sa hannu.

Sai Sauƙi:
Shawara ɗaya da ba wanda ya ba ka: in ka gama, canza 1234 ɗin nan, lambar sirrin da akwatin ke zuwa da ita, ka riƙe lambar a kanka sai ya cika maka. Alhazan nan in waya ta yi ƙara shi ke nan, cikon kuɗi sai ka yi ta sintiri, yau ya tafi Yawunde, gobe yana azumi.

Hajiyar Baladji:
Ka ji irin abin da nake faɗi ko?

Malamin Yelwa:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun jiya. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito sananne ne, a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma jinkirin mai hali zalunci ne, wannan yana kan Alhaji. Amma malaman fiƙihu sun sharɗanta a ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, a san aikin a san ladan tun kafin a fara. Wanda ya ce "ba komai Baba, duk abin da ka bayar" sannan ya koma yana ƙunƙuni, shi ma ya bar ƙofar rigima a buɗe. Game da lambar sirri, in kun rubuta tun farko cewa ana miƙa ta ne tare da cikon kuɗi, sharaɗi ne, kowa ya sani. In kuwa ɓoyewa za ka yi ya gano daga baya, ko ka kashe masa layi daga nesa, wannan ni ban ga hanyarsa ba. Allah ne mafi sani.

Mai Lissafi:
Hanyar da ta fi sauƙi a raba biyan uku. Kashi 40 kafin a fara, 40 ranar da aka gama jan kabul, 20 ranar da kuka zaga ɗaki ɗaki shi da kansa ya ɗaga kowace waya ya sa hannu. Kayan aiki kuma ya saya da kansa ko ya ba da kuɗinsu gaba ɗaya, kada ka zuba naka. In masaukin kamfani ne mai rajista, tambaye su tun yanzu ko farashin da haraji ne ko babu, don TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashi, kaɗai kashi 19.25 cikin ɗari ne, kuma wasu na yanke wani abu tun daga tushe. Kada ka ji 150 ka karɓi abin da bai kai ba.

Ɗan Rumde:
Jama'a na dawo daga wajen Alhaji. Na bi ta wajen mahaifina tukuna na nuna masa takardar, don kada ya ji a bakin wani. Ya karanta ya ce in je, sana'a sana'a ce. Na fara da katin, Alhaji ya kira mai kayan Duwala a gabana, ba zan maimaita abin da ya gaya masa ba. Da muka zo kan takarda, jimla 175 na rubuta. Ya yi dariya ya ce yaran yanzu sun zama Nasara. Na miƙa biro. Ya cire ɗakuna shida na sama sai kati ya zo, ya ce leburorinsa za su haƙa rami su fasa bango. Ya so cire maganin tsawa, na ce in an cire shi to garantina ma ya fita, ya bar shi. Mun tsaya a 120 na waya 16, sauran shida dubu 5 kowace in lokacinsu ya yi. Sai dai bai yarda da kashi 40 ba, dubu 30 ya ba ni, kuma ya ƙi sa hannu, wai tsakaninsa da ɗansa babu sa hannu. Na tura masa hoton takardar ta WhatsApp ya amsa da "to".

Mai Lissafi:
Ajiye wannan "to" ɗin, ka ɗauki hotonsa.

Sai Sauƙi:
Ba laifi. Amma sai cikon ya shigo za mu yi murna.

Hajiyar Baladji:
Ka rubuta lambar ɗaki a jikin kowace waya don Allah, ka kuma liƙa takardar a cikin murfin akwatin.

Sabon Hannu:
Manya ku yi haƙuri, ni almajiri ne a sana'ar, shekarata ta biyu a wajen maigidana a Marwa. Na ga ana ta lissafin waya dubu 5, tsarawa dubu 40, ban ga layin yaro a takardar ba. Mu ne muke shiga silin ɗin, don mu ne marasa nauyi. Ni in mun yi yini ana ba ni kuɗin abinci da na mashin, wani lokaci dubu 1. Yaya Ɗan Rumde, naka yaron nawa zai samu a cikin 120?

Na Bakin Gada:
Kai, yaron nan ya iya tambaya.

Ɗan Rumde:
Dubu 2 a yini da abinci na saba ba shi.

Baba Na Domayo:
A zamaninmu almajiri ba ya tambayar wannan, ilimin da yake ɗauka shi ne ladansa. Wasu ma iyayensu ne ke biyan mai gida.

Injiniyar Dang:
Baba, da girmanka, wannan ita ce maganar da Alhaji ya yi wa Ɗan Rumde, "kai ɗana ne". Wata shida na farko na yarda koyo ne. Wanda ya shekara biyu yana matse kan kabul shi kaɗai, yana bin layi, ba koyo yake ba, aiki yake. Ni ina ba nawa dubu 1 a kan kowace wayar da ya gama ta yi aiki, ban da abinci. Yana sauri, kuma ba ya barin aiki rabi.

Baba Na Domayo:
In ya ƙona kati fa, wa zai biya? Ke ko shi?

Injiniyar Dang:
Ni, don ni na bar shi ya taɓa akwatin. Amma wannan ba ya hana a biya shi na kabul ɗin da ya ja.

Baba Na Domayo:
Ban gamsu ba, amma dare ya yi. Sabon Hannu, wa ye maigidan naka? A'a, bari, kada ka faɗa a nan. Same ni a Domayo bayan sallar Juma'a.

Mai Hawa Ƙarfe:
Ni dai ɗan kwangilar ya ce bel zai saya, rajista kuma "za a duba". Ban ba shi amsa ba tukuna. Akwai wanda ya san inda ake sayar da bel mai igiya biyu a Garwa, ko sai an aiko daga Duwala? Ina so in san kuɗinsa kafin ya ce mini babu a kasuwa.